Tsakanin Aji da Gareji: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Kudancin Kano

'Ya'yana da jikokina na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa: Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗa muku ita da sauran ƙarfina.

A ranin da ya wuce na je duba gonar wani ƙanena, na tarar da shi tsugune gaban injin ban ruwa, ya haɗa kai da gwiwa. Kwana uku injin ya ƙi tashi. Tumatir ya fara fure, ganyen ya yi laushi, ƙasar fangalin ta daddare. Bakanike ɗaya ne duk yankin suka sani, shi kuwa layi ake bi a kansa. A hanyar komawa gida na wuce majalisar samari a gindin darbejiya, na ƙirga su tara. Na san iyayensu duka. Uku suna da difloma, ɗaya ya yi bautar ƙasa, sauran sun gama sakandare. Babu ɗaya a cikinsu da zai iya kwance kaburetar injin nan ya wanke ya mayar. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Mu manya ne muka kai su makaranta, muka yi zaton da zarar kwali ya zo hannu aiki zai biyo baya da kansa, kamar yadda ya kasance a zamaninmu.

Zamanin nan ya wuce. A da, ɗalibi bai gama kwalejin horon malamai ba an riga an san makarantar da za a tura shi. Yau kuwa tsakanin ƙofar makaranta da ƙofar wurin aiki akwai kwari mai zurfi, yaro zai fito ya tsaya a bakinsa shekara biyar yana jiran wani ɗan siyasa ya ba shi takarda.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne ƙasarmu ba matalauciya ba ce. Ga dam ɗin Tiga a Bebeji, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yana riƙe da ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Ga dam ɗin Bagauda. Ga shinkafar Tudun Wada, ga masarar Doguwa da ake lodin ta a manyan motoci, ga kuzar Riruwai da aka daɗe ana haƙa, ga titin Kano zuwa Zariya ya ratsa ta Kwanar Ɗangora. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aiki yake haifarwa. Shinkafa ba ta zuwa tukunya sai ta bi ta hannun mai tarakta, da mai injin girbi, da matan da ke turara ta, da mai injin casa, da mai walda da ke gyara injin idan ya karye, da mai rubuta lissafin buhu. Yanzu ga famfunan sola sun shigo gonaki saboda tsadar fetur, kuma duk famfon da aka kafa yana buƙatar wanda zai duba shi. Ku tambayi kanku: mutum nawa ne a garinku suka iya wannan aiki da kyau? Sau nawa ake ɗauko mai gyara daga cikin Kano, a biya shi kuɗin mota da na aiki, kuna zaune kuna kallo?

Don haka, ɗana, kafin ka cike takardar neman shiga makaranta, fara zagaya garinku da idon basira. Duba aikin da ake neman mai yi ana rasawa, sannan ka nemi karatun da zai kai ka gare shi. Da yawa daga cikinku suna karanta abin da aka ba su ne kawai, don kada a ce suna zaune a gida. Shekara huɗu ba wasa ba ce, kuma kuɗin da mahaifinka ya sayar da masara ya biya ba tsintar su ya yi ba.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar boko a kama sana'a. Sam. Na ga bakaniken da hannunsa ke da albarka, amma da aka kawo masa sabon inji mai na'ura ya tsaya cak, saboda ba ya iya karanta littafin da ya zo da shi. Na kuma ga mai digirin injiniya da bai taɓa riƙe sifana ba. Dukansu biyun rabin mutum ne a wurin aiki. Abin da ya ɗaukaka masana'antun Jamus shi ne haɗa biyun: matashi yana kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a aji, har shekara uku ko kusa da haka, kuma ana ba shi ɗan albashi yana koyo. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Almajirin da ya tashi karatun safe ya tafi rumfar tela ko maƙera, da yamma ya dawo kan allonsa, me yake yi in ba wannan ba? Mun yar da namu ne kawai da muka ga farar riga da ofis.

Iyaye, a nan nauyin ya fi faɗo muku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro na aji uku a ƙaramar sakandare ya isa a kama hannunsa ranar Asabar da lokacin hutu a kai shi wurin mai sana'a mai amana. Ku je da kanku, ku zauna da ubangidan, ku yi magana a fili: me zai koya, shekara nawa, yaushe za a yaye shi. Kada a miƙa yaro a juya baya, ya shekara uku yana sayo wa oga abinci da wankin babur. Ku kuma masu gareji da shaguna, ku ji tsoron Allah, ku daina ɓoye sirrin aiki don gudun kada yaro ya fi ku. Yaron da ka yaye da kyau sunanka yake ɗauka duk inda ya je.

Akwai kuma maganar takarda, wadda masu sana'ar hannu ke rainawa. Kamfani ba ya ɗaukar mutum don an ce ya iya, sai ya ga shaida. Lokacin da ake aikin babban titin Kano zuwa Zariya, samari da yawa sun samu leburanci, amma tuƙin manyan injuna da aikin awo sai mai takarda. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya jarrabawar masu sana'a, akwai kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ga Kwalejin Fasaha ta Gwamnati a Bagauda kusa da mu, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta. Tsakanin 2011 da 2015 gwamnatin jiha ta buɗe cibiyoyin koyon kiwon kifi da na dabbobi a Bagauda, da ta noman rani a Kadawa. Irin waɗannan wurare al'umma ce ya kamata ta riƙa bibiyar su, ta tambayi wakilanta halin da suke ciki, domin makarantar koyon sana'a da babu kayan aiki a cikinta suna ce kawai. Ku ɗalibai da ake turawa koyon aiki na wata shida, don Allah ku daina neman wanda zai sa muku hannu a littafi kuna kwance a gida. Wata shidan nan sau da yawa shi ne ƙofar aikin.

'Yan matanmu ma ban manta da ku ba. Ƙauyuka nawa ne a Doguwa da Ƙiru mace ke naƙuda babu ƙwararriyar ungozoma kusa? Makarantar koyon aikin lafiya tana nan Bebeji. Uban da ya bar 'yarsa ta yi wannan karatu ya taimaki garinsa gaba ɗaya, kuma aure bai hana ba.

Roƙona na ƙarshe ga ƙungiyoyin ci gaban gari da dagatai da limamai ne. Ba sai an jira Abuja ba. A kowace mazaɓa a samu mutum uku su ɗauki littafi, su rubuta sunayen masu sana'ar da ke shirye su karɓi yara, da sunayen samarin da ke zaune, da ayyukan da ake ɗauko baƙi su yi. A zauna da shugabannin makarantu a haɗa wannan da wancan. Masu hali su ɗauki nauyin kayan aikin wanda aka yaye, ko da akwatin sifanu ne da mita. Ni na fara da jikana: tun bayan sallah yake zuwa wurin mai haɗa sola kowace Asabar, kuma bai fasa makaranta ko kwana ɗaya ba. Kai ma ka duba cikin gidanka, ka kama hannun yaro ɗaya kafin ranin bana ya shigo. Allah Ya yi muku albarka.