Amsoshin Tambayoyinku: Ina likita zai karanta cututtukan sana'a da muhalli?

Tambaya: Ni likita ne, na gama bautar ƙasa bana. Ina sha'awar ƙwarewa a fannin lafiyar ma'aikata da muhalli, amma duk wanda na tuntuɓa sai ya ce wai karatun ƙasar waje ne, ko na likitocin kamfanonin mai. Shin akwai hanyarsa a nan gida, kuma me ake karantawa? Daga wani likita, Ƙofar Doka, Birnin Zariya.

Amsa: Akwai hanya, kuma daga ƙofar gidanku zuwa bakinta kuɗin mota ne kawai zuwa Shika. Abin da ya sa ba a cika ganinta ba shi ne a Najeriya an saba shiga wannan fanni ne ta ƙofar likitancin al'umma. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika, sashen likitancin al'umma shi ke ɗaukar likitoci masu neman ƙwarewa, su rubuta jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma. Za ka fara da jarrabawar share fage, sai mataki na ɗaya, sai na biyu wanda ake kammalawa da rubuta kundin bincike. Lafiyar ma'aikata da lafiyar muhalli suna cikin manhajar, kuma a kundin ne kake da damar karkata gaba ɗaya zuwa gare su. Galibi ana haɗawa da digiri na biyu a lafiyar jama'a, wato MPH, wanda ABU ke bayarwa.

Waɗanda suka ce maka karatun waje ne ba su yi ƙarya duka ba. A Amurka fanni ne mai cin gashin kansa, horon shekara biyu da ake haɗawa da darussan digiri na biyu. A Ingila akwai difloma ta musamman, kuma Jami'ar Manchester na koyar da shi daga nesa ta intanet. Sai dai kuɗinsa da fam ake biya.

Darussan kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Akwai ilimin yaɗuwar cututtuka, akwai lissafin ƙididdiga, wanda shi ne yawancin likitoci ke gudu, alhali da shi ne za ka tabbatar cewa tarin da ke damun masu fasa dutse daga ƙurar ne, ba daga sigari ko hunturu ba. Akwai ilimin guba: yadda dalma, maganin feshi da hayaƙin walda ke shiga jiki, inda suke taruwa, da yadda ake fitar da su. Akwai awon wurin aiki, inda za ka koyi riƙe na'urar auna ƙara da ta ƙura. Ƙarar da ta kai desibel 85 ta yi awa 8 a kunnen mutum kullum tana cinye jinsa a hankali. Ka tsaya minti biyar a ɗakin injin niƙa a kasuwar birni ka ji da kunnenka, sannan ka dubi yaron da ke wuni a ciki, gari ya rufe masa gira, ana masa magana yana kallon baki. Za ka koyi gwajin huhu da gwajin ji, da yadda ake yanke hukuncin ko ma'aikaci zai iya komawa bakin aiki. Sai doka: Dokar Masana'antu ta 1987, da Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF ke gudanarwa.

Ka lura da wani abu da malamai ba sa yawan faɗa. Littattafan fannin an rubuta su ne da babbar masana'anta a zuciya, mai manaja da asibitin ma'aikata da rajista. Majinyatanka kuwa maƙera ne, da majema, da masu rini, da masu cajin batir, da masu ɗinkin hula da babbar riga da ke duƙe a zaure tun hantsi har ido ya gaza, da manoman fadamar Galma da ke feshi ba takalmi ba abin rufe hanci. Waɗannan ba su da ubangidan da doka za ta kama. A aji za a koya maka cewa kawar da haɗarin daga tushe ya fi raba takunkumi, kuma gaskiya ne, amma yadda za ka faɗa wa mai cajin batir haka ba tare da ka raba shi da abincinsa ba, wannan sai ka zauna a rumfarsa.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa dalili. A ƙauyuka irin su Dareta da 'Yar Galma da Bagega, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, an riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar dalma ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara suka dinga jijjiga suna mutuwa, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka gwada jini. Fiye da yara 400 suka rasu. Maganin fitar da dalma kaɗai bai wadatar ba, sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Tambayar da za ta iya gajarta wahalar ita ce wadda Ramazzini, likitan Italiya, ya ce a ƙara cikin tambayoyin majinyaci tun a 1700: sana'ar da ake yi. Ko kwallin da ake sa wa jarirai a gidajenmu, wanda ake samu daga dutse, an sha samun dalma mai yawa a cikinsa.

Batun abinci kuma, ba zan ɓoye maka ba: guraben da ke da maiƙo suna kamfanonin mai da manyan masana'antu, akasari a Kudu. A Arewa aikin na jami'a ne, da ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji.

Shawarata, ka fara shirin jarrabawar share fage tun yanzu, ka je Shika ka gana da shugaban sashen, ka nemi shiga ƙungiyar likitocin fannin, SOEHPON. Kafin nan, duk majinyacin da ya zauna gabanka, ka rubuta sana'arsa a kati, da ta maigidanta idan mace ce, da abin da ake sarrafawa a cikin gidan. Cikin wata shida za ka sami batun kundinka. Allah Ya ba da sa'a, Likita.