Yadda ake kwance notin taya da ya cije

Duk direban da taya ta taɓa yi wa faci a dokar daji ya san wannan takaicin. Ga safaya, ga jak, ga wil-sifana, amma noti guda ya ce atafau ba zai motsa ba. Sai ka ga mutum yana ta kokawa da ƙarfe, yana nishi, har tafin hannunsa ya yi bororo. Alhali damtsensa bai yi laifin komai ba, sifanar ce ta yi gajarta.

Abu biyu ne ke haɗuwa su juya noti: ƙarfin da ka danna, da nisan wurin da ka danna daga tsakiyar notin. Idan ka ninka ɗaya da ɗayan ka sami ƙarfin murɗawa, wanda injiniyoyi ke aunawa da niyuton-mita. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa wani Bagirke mai suna Arkimidis ya rubuta ƙa'idar wannan abu, amma mai lambu a fadama da ke ɗaga guga da jigo bai jira karatun kowa ba. Kai ma ka santa: gwada tura ƙofa daga kusa da hinjinta, sannan ka tura daga wajen mariƙi.

Fara da hana motar motsi. Ajiye ta a wuri mai tauri wanda ba gangare ba, ja hambirki, saka giya ta ɗaya, ka tokare wata tayar da dutse. Kada ka ɗaga jak tukuna. Mutane da yawa a nan suke ɓata aikin, don idan taya na lilo a sama, duk ƙarfin da ka sa juya ta kawai zai yi, ko ma ya ture motar daga kan jak. Bar nauyin motar ya riƙe maka ita.

Sai ka zura bakin sifana ya haɗiye notin gaba ɗaya. In akwai laka ko yashi, kankare. Sifanar da ta kama rabin noti za ta zame ta cinye kusurwoyinsa, daga nan kuma aiki ya koma na bakanike.

Yanzu duba inda hannun sifanar ya fuskanta. Noti na kwancewa ne idan an juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo. Saboda haka, kana fuskantar taya, sa hannun sifanar ya miƙe ta hagunka, a kwance daidai da ƙasa, kamar agogo ya nuna ƙarfe tara, sannan ka danna ƙasa. Kwanciyar nan tana da dalili. Nauyinka ƙasa yake ja, kuma yana yin cikakken aiki ne idan ya faɗa wa sandar a gicciye. In sandar ta karkata sama sosai, wani kaso na ƙarfinka tura notin yake yi, ba murɗa shi ba. Wasu manyan motoci suna da notin da ke kwancewa ta baibai a tayoyin hagu, kamar fedar hagu ta keke, don haka mai babbar mota ya tabbatar kafin ya danna.

Kama jikin motar da hannu, ɗora ƙafa a can ƙarshen sandar, ka saki nauyinka a hankali. Ban da tsalle. Mutum mai kilo 60 yana danna wa abin da ya taka kusan niyuton 600. A kan sifana mai tsawon santimita 30, wannan ya ba da niyuton-mita 180. Notin yawancin ƙananan motoci kuwa ana ɗaure shi ne a wajen 100 zuwa 120. Ka ga ke nan notin da aka ɗaura bisa ƙa'ida ba ya gagarar kowa. Wanda ya gagara, ko dai tsatsa ta kama shi, ko wani ya hau kansa da mugun ɗauri.

In ya ƙi, nemo fayif na ƙarfe mai kauri, kamar mita ɗaya, ka zura hannun sifanar a ciki ya shige sosai. Mutumin nan mai kilo 60, bai ƙara ko loma ɗaya ba, yanzu yana ba da niyuton-mita kusan 600, fiye da ninki uku. Ba a banza ya samu ba: ƙafarsa za ta yi tafiya mai nisa kafin notin ya ɗan gusa. Irin cinikin da giya ta ɗaya ke yi ke nan a hawan tudu, inji ya juya sau da yawa, taya ta juya kaɗan amma da ƙarfi. Danna a tsanake, don lokacin da notin zai saki, da ƙara yake saki kuma farat ɗaya.

Idan tsatsa ce, fesa masa man kwance tsatsa, ko ka ɗiga kananzir, ka ɗan bubbuga gefensa, ka ba shi kamar kwata na awa. Sassauta kowane noti rabin juyi kawai, sannan ka ɗaga jak ka ƙarasa da hannu.

Wajen mayarwa kuma, ajiye fayif ɗin nan can gefe. A ganina rabin notukan da ke cijewa, fayif ne ya ɗaure su tun farko, kuma ƙarfin da ya kwance noti yana iya miƙar da kusar da yake kai har ta karye. Goge duk man da ya taɓa kusoshin, don noti mai santsi yana wuce iyaka ba ka sani ba. Ɗaura kowanne da yatsu, kana tsallakawa daga wannan zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen domin tayar ta zauna daidai. Sauke jak, ka matse da sifanar motar kaɗai. In ka yi tafiyar kilomita 50 ko sama da haka, tsaya a inuwa ka sake bin su ɗaya bayan ɗaya.