Li Rus, mai tsaron raga

Idan aka fita shan iska a makaranta, ƴan maza sukan ruga fili da tamola. Sai a ajiye duwatsu biyu nan, biyu can, a ce raga ke nan. Kowa yana so ya buga gaba, ba mai son tsaro. Sau da yawa ƙaramin cikinsu ake turawa tsakanin duwatsun. Amma ko ƙaramin nan ya san doka guda: shi kaɗai ke da izinin kama ƙwallo da hannu, kuma sai kusa da ragarsa. In ya yi nisa ya taɓa, sai ihu ya tashi: «Hannu! Hannu!»

Wannan doka ba tare da wasan aka haife ta ba. A shekarar 1912 aka kafa ta. Kafin nan, mai tsaron raga yana iya kama ƙwallo ko'ina cikin rabin filin ƙungiyarsa, tun daga raga har layin tsakiya. Masu tarihin ƙwallo da yawa suna cewa salon wasan wani mutum ne ya sa aka sake dokar. Sunansa Li Rus. Da Turancin Ingila ana rubuta sunan haka: Leigh Roose. A lura da haruffan nan sosai, domin za a komo kansu.

Ɗan fasto daga Wels

An haifi Li Rus ran 27 ga Nuwamba 1877, a wani ƙauye mai suna Holt, cikin ƙasar Wels. Wels ƙaramar ƙasa ce mai tuddai da tumaki da yawan ruwan sama, a yamma da Ingila. Da Faransanci ana ce mata Pays de Galles. Sarauta ɗaya ce ta haɗa ta da Ingila, amma a wajen ƙwallo kowace tana da ƙungiyarta ta ƙasa, har yau.

Mahaifinsa fasto ne. Yaron ya yi karatu sosai. A 1895 ya shiga jami'a a garin Aberystwyth, a bakin teku, yana koyon kimiyya. Can ne ya fara tsaron raga wa ƙungiyar garin, kuma can ne mutane suka fara gane cewa wannan saurayi dabam yake.

Tsaron raga a zamanin nan aiki ne mai haɗari. Ƙwallon na fata ne mai kauri, ana ɗaure bakinsa da igiya kamar takalmi. In ruwa ya jiƙa shi sai ya yi nauyi, bugunsa ya yi zafi a hannu. Bayan haka, doka ta yarda ɗan gaba ya bangaje mai tsaron raga da kafaɗa in yana riƙe da ƙwallo. In ya iya tura shi cikin raga, shi da ƙwallon duka, an ci ke nan. Shi ya sa yawancin masu tsaro ba sa yin nisa da layinsu. Da ƙwallo ya zo sai su naushe shi ko su buga shi da sauri, su rabu da shi kafin a hau su.

Rus bai yi haka ba. Dogo ne, tsawonsa mita 1 da santimita 85, ga ƙirji, ga ƙarfin hannu. In ɗan gaba ya taso masa, ba ya jira: shi ma sai ya taso, ya faɗa a ƙafafunsa ya ɗauke ƙwallon. Wanda ya zo bangazarsa kuwa, sau da yawa shi ke tashi yana ɗingishi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne abin da yake yi bayan ya kama. Doka ta hana mai tsaro ya yi fiye da taki biyu yana rungume da ƙwallo. Amma ba ta hana shi ya doka ƙwallon a ƙasa ya sake cafkewa ba. Sai Rus ya riƙa tafiya yana dokawa yana cafkewa, yana ratsa abokan gaba, har ya kai layin tsakiya, wajen mita 50 daga ragarsa. Daga can sai ya yi jifa mai nisa ko ya buga, ƙwallo ya faɗo a bakin ragar waɗancan. Ta haka mai tsaro ya zama shi ne mai fara hari.

Sauran masu tsaro sun san doka ta ba su wannan dama, amma kaɗan ne suka yi amfani da ita. Dalilin a fili yake. Wanda ya bar ragarsa fayau, in ƙwallo ya kuɓuce masa a tsakiyar fili, ba abin da zai hana a ci shi. Ga kuma kafaɗun ƴan gaba da ke jiransa a hanya. Rus yana da jarunta, amma ba jarunta kaɗai ba ce: ya san dokar wasan ciki da waje, ya san iyakar abin da ta hana da abin da ta bari.

Rigar ƙasa

Wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa an yi shi ne a 1872, tsakanin Sikotilan da Ingila, aka tashi ba wanda ya ci. Wels ta shigo a 1876. Daga baya ƙasashe huɗu, wato Ingila, Sikotilan, Wels da Ailan, suka riƙa yin gasa kowace shekara. A lokacin ba Kofin Duniya, domin sai a 1930 aka fara shi. Ga ɗan ƙwallon Wels, ba girman da ya wuce a kira shi wannan gasa.

An fara kiran Rus a watan Fabrairu 1900. Wels ta ci Ailan 2 da 0. Bayan wata biyu, ƙungiyarsa ta Aberystwyth ta ɗauki kofin Wels, da ci 3 da 0, mutanen gari suka ɗauki mai tsaronsu a kafaɗa. Tsakanin 1900 da 1911 ya tsare wa ƙasarsa raga sau 24.

Shekarar da ta fi kowace daɗi ita ce 1907. Wels ta ci Ailan 3 da 2, ta ci Sikotilan 1 da 0, ta yi kunnen doki da Ingila 1 da 1. Karo na farko ke nan da ƙaramar ƙasar ta zo ta ɗaya a gasar. Shekara ta gaba kuwa abin bai yi kyau ba. A wasa da Ingila an bangaje Rus har ya kasa ci gaba, aka ci Wels 7 da 1.

Tsakanin asibiti da fili

Bayan jami'a, Rus ya koma Landan domin koyon aikin likita a wani babban asibiti. Bai yarda ya zama ɗan ƙwallo mai albashi ba. Cikin mako yana Landan, ran Asabar ya hau jirgin ƙasa zuwa inda ƙungiyarsa za ta yi wasa. Ya buga wa Stoke, da Everton, da Sunderland, da wasu. Ba a biyansa albashi, amma ana biyan kuɗin tafiyarsa da masaukinsa, kuma shi ba mai tsimi ba ne. Ana ba da labari cewa wata rana jirgi ya tashi ya bar shi a tasha. Sai ya yi hayar wani jirgin ƙasa sukutum, shi kaɗai a ciki, ya isa kafin a fara wasa. Takardar kuɗin kuwa, ƙungiya ya aika wa.

Mutum ne mai barkwanci, mai son ado, mai son a san da shi. Yakan juya ya yi hira da ƴan kallo ana cikin wasa. Amma mai adon nan yana da camfi guda: akwai wata tsohuwar riga da yake sawa a ciki ranar wasa, ba ya yarda a wanke ta, wai kada sa'a ta tafi da ruwan wanki. Abin dariya ne a ce ɗalibin likita, wanda ya san ƙwayoyin cuta, shi ke gudun sabulu. Karatun likitan ma bai kai ƙarshensa ba. Ƙwallo da zaman birni sun cinye lokacin.

A Sunderland ya yi wasanni masu kyau. Yana cikin raga ranar da suka ci maƙwabtansu Newcastle 9 da 1, a watan Disamba 1908. A 1910 ya karye a wuyan hannu, kuma daga nan ƙarfinsa ya fara raguwa. Babbar ƙungiya ta ƙarshe da ya buga wa ita ce Arsenal, daga 1911 zuwa 1912.

A 1912 ɗin nan ne shugabannin ƙwallo suka zauna suka sake doka. Suka ce daga yanzu mai tsaro ba zai taɓa ƙwallo da hannu ba sai cikin filin da aka zana a gaban ragarsa, wanda ake kira filin fenalti. Zurfinsa mita 16 da rabi ne. Dokar da ake bi ke nan har yanzu, daga Kofin Duniya har filin makaranta.

Yaƙi

A 1914 Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Rus yana da shekara 36. Da farko ya yi aikin taimakon sojoji a bayan fage, har ya je Gallipoli, a ƙasar Turkiyya. A 1916 ya shiga soja sosai, a matsayin ƙaramin soja mai bindiga, aka tura shi arewacin Faransa, yankin kogin Som.

Faɗan Som yana cikin mafi muni a tarihi. An fara shi ran 1 ga Yuli 1916, kuma a wannan rana guda sojojin Birtaniya kusan 20.000 suka mutu. Sojoji suna zaune cikin ramuka masu tsawo, cikin taɓo, igwa tana zuba dare da rana. Ba Turawa kaɗai ba ne a wurin. A wannan yaƙi Faransa ta ɗebi samari daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulki, har da Nijar, kuma akwai sojojin Afirka da suka yi faɗa a Som.

A watan Agusta Jamusawa suka kawo hari kan ramin su Rus da wani makami mai feshin wuta. Hayaƙi ya shaƙe shi, tufafinsa suka ƙone, amma bai ja da baya ba. Hannun nan da ya saba jifa da ƙwallo daga tsakiyar fili, shi ya riƙa jifa da gurneti har ya gaji, sannan ya ɗauki bindiga. Saboda haka aka ba shi lambar yabo ta jarunta, aka kuma ɗaura masa igiya ɗaya.

Ran 7 ga Oktoba 1916 rundunarsu ta fita hari kusa da ƙauyen Gueudecourt. Rus bai dawo ba. Ba a ga gawarsa ba. Shekarunsa 38.

Bayan yaƙi an gina wani babban gini na tunawa a Thiepval, aka sassaƙa sunayen sojoji fiye da 72.000 da suka ɓata a Som ba kabari. Sunan Rus yana ciki. Amma tun a takardun soja an yi kuskure wajen rubuta shi: maimakon Roose sai aka sa Rouse. Harafi ɗaya ne tak ya sauya. Danginsa sun nemi labarinsa da sunansa na gaskiya, ba su samu ba. Sai bayan shekaru masu yawa masu binciken tarihi suka gane cewa sojan nan Rouse shi ne mai tsaron ragar Wels.

Ma'anar kalmomi

Bangaza: ture mutum da kafaɗa da ƙarfi.
Kunnen doki: wasan da aka tashi ba wanda ya fi wani ci.
Camfi: yarda da cewa wani abu yana kawo sa'a ko tsiya ba tare da dalili ba.
Igiya: a wajen soja, alamar girma da ake ɗinkawa a hannun riga.

Tambayoyi da aiki

1. Kafin 1912, har ina mai tsaron raga yake iya kama ƙwallo da hannu?
2. Me ya sa sauran masu tsaro ba su yi koyi da Rus ba?
3. Wace dabara ya yi don kada ya karya dokar taki biyu?
4. A wasanni uku na 1907, ƙwallo nawa Wels ta ci, nawa aka ci ta?
5. Me ya hana danginsa samun labarinsa?
6. Ku nemi Wels da kogin Som a taswirar Turai.
7. Faɗin raga mita 7 ne da santimita 32. Ku auna shi da igiya a filin makaranta, sannan ku auna mita 16 da rabi daga layin raga, ku ja layi a ƙasa.