Ɓarnar Dabbobi a Gonar Alkama: Darasi Domin Iyayen Ƙasa, Hakimai da Malamansu

A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, lokacin da alkama ta ke kore shar a fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, shi ne kuma lokacin da ciyawar tudu ta bushe, dabbobi su ke gangarowa neman ruwa da ɗanyen haki. Sabo da haka da wuya rani ya wuce ba a kawo ƙarar ɓarna gaban Uban Ƙasa ba. Manomi ya ce an kashe masa gona, makiyayi ya ce ai ganye ne kawai, zai sake tohowa. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya. Abin da zai raba gardamar shi ne sanin matakin da alkamar ta kai ranar da dabbobi suka shiga.

Yadda alkama ta ke girma

Alkama shukar sanyi ce. A ƙasar Hausa ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta girma cikin hunturu da ban ruwa, a yanke ta wajen watan Maris, watau bayan kwana 90 zuwa 110. Haka a ke yi a Kadawa ta Kano, da kwarin Haɗeja, da Bakolori kusa da Talata Mafara, inda aka gama madatsar ruwa a 1978. Zangarniyar da za ta ba da ƙwaya tana fara samuwa tun shukar tana ƙarama, a ɓoye can gindi daidai da ƙasa. Sa'ad da kara ya fara gaɓa, sai ya riƙa tura ta sama daga ciki. Dukan hukuncin ɓarna a kan wannan ya dogara: ko bakin dabba ya kai ga zangarniyar, ko bai kai ba.

Mataki na 1: tsiro. Cikin mako biyu zuwa uku na farko saiwa ba ta kama ƙasa sosai ba. Dabba in ta ja ganye, sai ta tuge shukar duka. Abin da aka tuge ba ya dawowa, kuma sake shuka a ƙarshen Disamba ba ya ba da amfani kamar na fari.

Mataki na 2: lokacin 'ya'ya. Shukar ta kafu, gindi ɗaya yana fid da 'ya'ya da yawa, zangarniya kuwa tana ƙasa. In dabbobi suka ci ganye sama-sama, suka bar dungu mai kore, alkama tana sake tohowa idan an ba ta ruwa da taki. A nan ne hasara ta fi sauƙi.

Mataki na 3: gaɓa. Wajen mako na biyar ko na shida kara ya kan fara miƙewa. Duk karan da aka gutsure tare da zangarniyarsa ya tashi daga aiki. Gindin zai fid da sababbin 'ya'ya, amma zangarkunsu ƙanana ne, kuma suna makara.

Mataki na 4: ciki da huda. Wajen wata biyu alkama ta kan yi ciki, ta fid da kai. Ganyen ƙarshe na sama yana daga cikin manyan masu ciyad da ƙwaya. Ɓarna a wannan lokaci ita ce mafi muni, gama abin da aka ci ya tafi ke nan.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

A Oklahoma, Kansas da Texas ta Amurka, manoma suna sakin shanu cikin alkama da gangan duk tsawon sanyi, sa'an nan su fid da su, su girbe hatsi. Haka kuma a Ostareliya da tumaki. Masanan Jami'ar Jihar Oklahoma sun sa iyaka: da zarar kogon da ke cikin kara, ƙarƙashin 'yar zangarniyar, ya kai santimita 1.5, a kwashe shanu. Sun nuna cewa kowace rana da aka ƙara bayan haka tana iya rage hatsi da kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari.

Amma fa kada a ɗauki wannan hujjar sakin dabbobi a fadamun Zamfara. Alkamar Oklahoma tana yin wajen wata takwas a gona, tana da sararin farfaɗowa. Ta nan wata uku ce da 'yan kwanaki. Ko cin da aka yi mata lokacin 'ya'ya yana jinkirta hudarta, sai zafin ƙarshen Fabrairu da Maris ya riske ta ƙwaya ba ta cika ba, ta motse. Banda wannan, kofaton shanu yana rushe fangali da hanyar ruwa in ƙasa tana da danshi.

Aikin malamin da aka aika duba ɓarna

1. Ya tafi a ranar ko kashegari, tare da mai unguwa, da Arɗo ko wakilinsa, da malamin gona, a duba a gaban mai gona da mai dabbobi.

2. Ya rubuta ranar shuka, da ranar ɓarna, da irin dabbobin, da yawan fangalin da aka ci.

3. Ya ciro kara mafi girma daga inda ba a taɓa ba, ya tsaga shi a tsaye da reza. In babu kogo, mataki na 2 ne. In kogon ya kai faɗin ƙaramin yatsa, an shiga na 3.

4. In ba a yarda da kintace ba, a sa alama, a jira girbi. Misali, a sussuke fangali goma da aka ci daban, goma da ba a ci ba daban. In waɗannan sun ba da mudu 40, waɗancan kuwa 25, hasara mudu 15 ce a kowane fangali goma. Ma'auni ba ya son kai.

Riga-kafi

Wajibi ne Uban Ƙasa ya tara manoma da Arɗaɗe tun watan Oktoba, kafin a fara shuka. A tabbata ba a nome burtali ba, ba a kuma toshe mashaya da gonaki ba, domin garken da aka hana wa hanyar ruwa, ta cikin shuka zai bi. Masu gonakin da ke jere su yi shuka lokaci ɗaya, su haɗa shinge. A kuma sa ranar da za a buɗe fadama bayan girbi, dabbobi su ci bambaro, su bar wa gona taki.

Jama'ar Zamfara sun ga inda ƙananan rigingimun gona da kiwo su ke kai ƙasa in aka bar su ba a yanke su da adalci ba. Diyyar da ta wuce ɓarna zalunci ce ga makiyayi, wadda ta gaza kuwa zalunci ce ga manomi. Hakimin da ya aika malaminsa da reza da mudu, ya kuma rubuta abin da aka gani a littafi, hukuncinsa zai karɓu ga kowane ɓangare.