DARASI: KUƊIN CACA DA HAKKIN KAISAR

Karatu: Romawa 13:1-7, Karin Magana 13:11, 1 Timoti 6:6-10

A manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Miami ta Amurka, akwai ɗakunan caca waɗanda ba a buɗe su sai jirgi ya bar gaɓa ya shiga tsakiyar teku. A ciki ake yin gasar karta da ake kira poka. Kowa ya biya kuɗin shiga, masu jirgi su cire rabonsu, ragowar kuma a raba wa 'yan kaɗan da suka kai ƙarshe. Wasu na zaton abin da aka ci a kan teku ba na kowace gwamnati ba ne. Ba haka ba ne. Dokar Amurka tana bin ɗan ƙasarta da haraji ko'ina ya sami kuɗi, kuma tun 2026 kashi 90 cikin 100 kaɗai na asararsa ake yarda ya cire daga abin da ya ci. Mutumin da ya ci dala 10,000 ya kuma yi asarar dala 10,000 a shekara ɗaya bai ƙaru da kwabo ba, amma zai biya haraji a kan dala 1,000.

Mai karatu a Kachalla Sembe zai ce ina ruwan Jalingo da teku. Ai jirgin ya riga ya iso, cikin aljihu yake. Saurayin da ke zaune a shagon kallon ƙwallo, yana zuba naira 200 ta waya a kan wasanni goma a jere, lissafi ɗaya ke cinsa da attajirin cikin jirgi. A dubi faifan caca mai juyawa na gidajen Turai: gurabe 37 ne, amma wanda ya dace ninki 35 ake ba shi. Wannan ɗan gibi yana bar wa mai gida kusan naira 27 a kowace naira 1,000 da aka zuba. Cacar ƙwallo ma haka aka gina ta, kuma duk wasan da aka ƙara a takarda yana ƙara faɗin gibin. Shi ya sa ake yayata sunan mutum ɗaya da ya ci, ba a jin na dubban da suka biya masa, har da wanda ya zuba kuɗin makarantar ƙanensa.

Dokar ƙasa ta sauya a 'yan shekarun nan, ya kamata dattawan ikilisiya su sani. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 ba ta da iko a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya. Saboda haka tsara harkar caca a Jalingo aikin Jihar Taraba ne. Daga Janairun 2025 kuma, ƙa'idar cire haraji tun daga tushe ta sa kashi 5 cikin 100 a kan abin da mazaunin Nijeriya ya ci, kashi 15 ga wanda ba mazauni ba. Wanda ya ci naira 200,000, naira 10,000 na hukuma ne. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta lissafa irin wannan kuɗi cikin kuɗin shiga da mutum zai bayyana.

To, mai bi da ya riga ya ci fa? Manzo Bulus bai rarrabe tsakanin kuɗi mai tsabta da marar tsabta ba sa'ad da ya umurci masu bi na Roma su biya haraji, ga shi kuwa sarkin da suke biya wa bai san Allah ba. Ɓoye abin da aka ci ƙarin ƙarya ne a kan kwaɗayi. Amma takardar shaidar biyan haraji ba ta wanke komai. Kaisar yana tambayar nawa ne. Ubangiji yana tambayar daga aljihun wa ya fito. Manomi ya sayar da masara, mai saye ya tafi da abinci, kowa ya amfana. A caca kuwa ba a shuka komai, riba ita ce asarar maƙwabci.

Akan ji masu kawo hujja da kuri'ar da aka jefa aka zaɓi Matiyas (Ayyukan Manzanni 1:26). Babu wanda ya zuba kuɗi a wurin, babu kuma wanda ya koma gida hannu wofi. Nufin Allah aka nema da addu'a. Kuri'ar da ta fi kama da ta yau ita ce ta sojoji a gindin gicciye, a kan rigar Yesu (Yohanna 19:23-24).

Tambaya mafi wuya tana zuwa ranar Lahadi: idan ɗan'uwa ya kawo zakkar kuɗin caca, ma'aji ya karɓa? Kuɗin da aka jefa a kwanon baiko ba wanda ya san asalinsa. Amma idan mutum ya fito fili yana so ya yi godiya da shi a gaban jama'a, pasto da dattawa suna da dalilin dakatar da shi, domin matasan da ke zaune a baya za su ɗauka bagade ya sa wa caca albarka. Gara a zauna da shi a keɓe, a tambaye shi nawa ya zuba tun farkon shekara, wa yake binsa bashi, ko matarsa ta sani, ko kuwa ya ba hukuma nata.