Yadda Wayar Hannu Za Ta Gargaɗi Makaranta Kafin Hadari Ya Iso: Darasi Daga Yankin Bagega

A watan Agustan 2024 ambaliya ta shiga garin Gummi da ke yammacin Zamfara, ta rusa gidaje, ta raba dubban mutane da muhallansu. A Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum kuwa, abin da aka fi sabawa da shi shi ne iskar farkon damina, wadda ke yaye kwanon aji cikin minti biyu. Duk makarantar da ke da malami ɗaya mai wayar Android tana iya samun labari tun kafin hadarin ya iso. Wannan darasi zai nuna inda ake samun gargaɗin, yadda ake karanta shi, da abin da za a yi da shi.

Daga ina gargaɗin yake fitowa?

Hukumar NiMet ce ke da alhakin hasashen yanayi a Najeriya. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, sannan tana wallafa hasashen kwana uku a shafukanta na Facebook da X. Hukumar NIHSA kuma ita ke fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Aikin agaji yana hannun NEMA a tarayya da ZEMA a jihar Zamfara.

Akwai kuma Flood Hub na kamfanin Google, taswira ce ta kyauta da ake buɗewa a burauza, tana hasashen cikar koguna har kwana 7 gaba. Sai dai ta fi amfani ga garuruwan bakin kogi irin su Gummi. Ruwan da ke cika kwari cikin sa'a ɗaya bayan mamako ba shi ne aikinta ba.

Mataki na 1: A koyi karanta hoton tauraron ɗan Adam

Manhajoji irin su Zoom Earth da Windy suna nuna hoton gajimare daga taurarin Meteosat, kuma hoton yana sabuntawa kusan kowane minti 15. A buɗe manhajar, a nemo Anka, a zaɓi sashen tauraron ɗan Adam, sannan a kunna hotunan sa'o'i biyu da suka wuce. Dunƙulen gajimare mai haske sosai, wanda ke ƙara girma, shi ne hadarin.

Ilimin kimiyya ya tabbatar da abin da tsofaffi suka daɗe da sani: manyan hadarurrukan wannan yanki daga gabas suke tasowa su nufi yamma, sau da yawa da gudun kusan kilomita 50 a sa'a. Tsakanin Gusau da Anka akwai kimanin kilomita 80 a miƙe. Ke nan idan hadari ya rufe Gusau, makarantun Anka suna iya samun wajen sa'a ɗaya da rabi na shiri. Kiran waya daga wani ɗan'uwa a Gusau ko Bungudu ma gargaɗi ne cikakke.

Abin lura: idan manhaja ta rubuta kashi 60 cikin 100, tana nufin yiwuwar saukar ruwa ne, ba yawansa ko ƙarfinsa ba. Don sanin ƙarfi sai a duba milimita da gudun iska.

Mataki na 2: A ƙirga tazarar walƙiya

Wannan ba ya buƙatar data. Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin kusan daƙiƙa 3. Idan an ga walƙiya, a kunna agogon ƙirga daƙiƙa na waya har a ji tsawa, sai a raba adadin gida uku. Daƙiƙa 30 na nufin kilomita 10, kuma daga nan tsawa tana iya kaiwa ga filin makaranta. A shigar da yara cikin gini, kada a fito sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Gindin bishiya, inda makarantun allo da yawa ke zama, yana cikin wurare mafi haɗari a wannan lokaci.

Mataki na 3: A shirya wa ranar da babu sabis

A Amurka, tun 2012 hasumiyoyin sadarwa ke tura gargaɗi kai tsaye zuwa duk wayar da ke yankin, ba tare da intanet ko lambar mai wayar ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa burin kowa a duniya ya samu gargaɗin gaggawa kafin ƙarshen 2027. Amma mutanen Zamfara ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na jihar tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Tsarin da ya dogara da WhatsApp kaɗai zai mutu a irin wannan rana.

Saboda haka a tanadi hanyoyi uku. Ta farko, zauren WhatsApp na malamai da iyaye, wanda mutum biyu kawai ke iya tura saƙo a cikinsa, don kada jita-jita ta binne gargaɗi. Ta biyu, saƙon tes da kira, domin suna fita ko da intanet ta yi rauni. Ta uku, rediyon FM na cikin waya, wanda wayar abin sauraren kunne ce eriyarsa, tare da lasifikar masallaci da ƙararrawar makaranta. A ware bugun ƙararrawa na musamman, misali uku-uku ba tsayawa, wanda kowane yaro ya san ma'anarsa. A kuma ajiye fawa-banki cike da caji a ofishin hedimasta.

Mataki na 4: A rubuta tsarin a takarda ɗaya

Takardar ta amsa tambayoyi huɗu. Wa ke duba hasashe da safe da kuma kafin tashi? Wane aji ne ya fi ƙarfin bango da rufi? Wa ke riƙe rajista yana kiran suna bayan an taru? Wace hanya ce ruwa ke yankewa?

Hukunci mafi wuya shi ne na sallama. Idan saura sa'a ɗaya ko fiye, a sallami yara da wuri. Idan hadari ya riga ya haɗu, a riƙe su, a nisanta su daga tagogi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle ɗan aji biyu.

Bagega tana da ƙarin dalili na taka-tsantsan. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma sai a 2013 aka yi aikin tsabtace ƙasar garin. Ruwan sama yana cika tsofaffin ramukan haƙa, yana kuma kwashe ƙasa daga wuraren niƙa dutse zuwa kududdufai. Dole tsarin makaranta ya hana yara wanka ko wasa a irin waɗannan wurare bayan an ɗauke ruwa.

A ƙarshe, a gwada tsarin sau ɗaya a watan Afrilu, kafin ruwan farko, a auna minti nawa yara suka ɗauka kafin su taru. Rigakafi ya fi magani. Matashin da ya karanta wannan darasi zai iya farawa yau: ya sauke manhajar, ya nuna wa hedimastan makarantar unguwarsu yadda ake duba gabas.