Amsar Tambaya: Shin a daina Cordarone in zuciya ta lafa?

Wani masunci daga Madarumfa ya rubuto cewa likita a Maraɗi ya ɗora mahaifinsa kan Cordarone saboda bugun zuciya da ya rikice. Tsohon ya samu sauƙi, yana so ya ajiye maganin.

Kada Baba ya daina sai likitansa ya ce. Sunan maganin na asali amiodarone, an haɗa shi a Beljiyam a farkon shekarun 1960. Yana daidaita wutar da ke tafiyar da bugun zuciya, kuma yakan yi watanni a jiki bayan ƙwayar ƙarshe, shi ya sa in an daina, ciwon kan dawo daga baya ba zato.

Sai dai yana buƙatar sa ido. Akwai aidin da yawa a cikinsa, don haka ake gwada jini duk wata 6 a duba hanta da ƙululun wuya. Busasshen tari ko haki na nufin a koma asibiti nan take. Rana na ƙona fatar mai shansa, sai a sa malfa da doguwar riga a bakin tafki.

In zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, a faɗa wa ma'aikacin lafiya yana shan Cordarone, domin haɗa shi da kinin na iya rikita zuciya.